Kafin Ka Miƙa Wa Gajimare Littafinka, Fara Gwada Shi A Kwamfutar Cikin Kwamfuta

Yau za mu ɗan jingine maganar jigo da salo da gina taurari, mu duba akwatin da muke zuba duk waɗannan a cikinsa, wato kwamfuta.

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina turo wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro, sai dai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗa, ciki har da na'urar tsaro ta TPM 2.0 da injin sarrafawa na baya-bayan nan. Da yawa daga cikin tsofaffin laftof da ake saya a Beirut Road ta Kano ko Computer Village ta Legas ba su cika waɗannan sharuɗɗan ba. Wannan ya sa wata shawara ta yi ƙarfi a bakin masu gyara da masu sha'awar fasaha: ka goge Windows ɗin nan, ka sa babbar manhajar da ta dogara da gajimare, irin ChromeOS Flex, za ka ga tsohuwar kwamfutarka ta koma yarinya ɗanya.

Akwai gaskiya a cikin shawarar. Sai dai matsayina shi ne, marubucin da kwamfuta ɗaya tak yake da ita, kuma littafinsa na cikinta, bai kamata ya karɓi wannan shawara a kan jita-jita ba. Ya fara gwada manhajar a cikin kwamfutar gwaji, kuma abin da zai auna ya zama abin da ya shafi rubutu. Saurin tashi da kyan fuska su zo daga baya. Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: ranar da sabis ya ɗauke, littafina yana hannuna ko yana hannun wani?

MENE NE WANNAN GAJIMAREN?

Babbar manhaja ita ce wadda ke tuƙa kwamfuta gaba ɗaya, sauran manhajoji su zauna a kanta. Windows, macOS da Linux duk irinta ne. A tsarin da muka saba, Microsoft Word yana cikin kwamfutarka, littafinka ma yana cikinta. Ko ka shekara ba ka hau intanet ba, za ka buɗe ka ci gaba da rubutu.

Manhajar gajimare ta juya wannan tsarin. Kusan komai a burauza ake yinsa. Wurin rubutun shafin intanet ne, kamar Google Docs, kuma asalin fayil ɗin yana zaune a wata kwamfuta a wata ƙasa. Kalmar gajimare ado ce kawai. Abin da ke akwai shi ne manya-manyan gine-gine cike da kwamfutocin kamfani, ana sanyaya su dare da rana. Duk wanda ya ce ya ajiye abu a gajimare, ya ba wani ajiya ne.

Tunanin ya kwana biyu. Google ya sanar da Chrome OS a watan Yulin 2009, ya saki lambobinta ga kowa da sunan Chromium OS a ƙarshen shekarar, sannan kwamfutocin Chromebook na farko daga Samsung da Acer suka shiga kasuwa a 2011. Wani kamfani a Amurka mai suna Neverware ya ɗauki Chromium OS ya gina CloudReady, domin makarantu su farfaɗo da tsofaffin kwamfutocinsu. Google ya saye Neverware a ƙarshen 2020, kuma daga CloudReady ɗin nan ne aka fitar da ChromeOS Flex a 2022. Kyauta ake ba da ita. Abin da take nema shi ne injin Intel ko AMD mai 64, ƙwaƙwalwar aiki gigabayit 4, da wurin ajiya gigabayit 16.

Akwai wasu a wannan layin. Peppermint OS, wadda ta fito a 2010, Linux ce da aka gina da niyyar haɗa manhajojin cikin gida da na intanet, kuma a yanzu a kan Debian take zaune. FydeOS ita ma daga Chromium OS aka tsamo ta. Sai Jolicloud, wadda Tariq Krim ya kafa a Faransa. Ta yi tashe a zamanin ƙananan laftof, aka daina sabunta babbar manhajarta a 2013, daga baya aka rufe sabis ɗin gaba ɗaya. Ku riƙe labarin Jolicloud, za mu dawo kan irinsa.

KWAMFUTA A CIKIN KWAMFUTA

Kwamfutar gwaji wata manhaja ce da ke yanko wani ɓangare na ƙarfin kwamfutarka, ta kwaikwayi cikakkiyar kwamfuta da shi a cikin taga ɗaya. Baƙuwar manhajar da ka sa a ciki za ta ɗauka ita kaɗai ce a gidan, alhali ɗakin baƙi aka ba ta. In ta goge faifan ajiyarta, fayil guda ne kawai ta goge. Littafinka da hotunanka da ke cikin Windows ba abin da zai taɓa su.

Manhajojin da ke wannan aiki sanannu ne. Akwai VirtualBox na kamfanin Oracle, kyauta ne. Akwai VMware Workstation, wanda aka mayar kyauta a 2024. Masu Linux kuma suna da QEMU.

Me ya sa nake nacewa a kan wannan? Saboda sa ChromeOS Flex a kwamfuta yana share duk abin da ke faifan ajiya, kuma Google ba ya goyon bayan a zaunar da ita gefe guda da Windows. In ka danna maɓallin, ka danna. Wanda ya yi haka a kan maganar wani, ba tare da ya ga yadda abin yake ba, ya yi cinikin biri a sama.

Sai dai akwai ƙulli guda da ya kamata ku sani tun yanzu. ChromeOS Flex ɗin kanta, Google bai tanade ta domin kwamfutar gwaji ba. Neverware ya taɓa ba da CloudReady a shirye domin VMware, amma wannan ya wuce. Flex ba ta jituwa da VirtualBox saboda yadda take mu'amala da ɓangaren hoto. Masu ƙwarewa kan tashe ta da QEMU bayan 'yan gyare-gyare. Ga wanda bai yi nisa ba, hanya mafi sauƙi ita ce ya gwada 'yar uwarta: FydeOS tana da nau'in da aka shirya domin VMware, Peppermint kuma tana tashi a VirtualBox kamar kowace Linux. Tunda abin da muke son aunawa shi ne rayuwar rubutu a cikin burauza, ko wacce daga cikinsu za ta ba mu amsa. Flex ɗin kuma tana da nata gwajin ta filashi, zan zo kansa.

Ga yadda ake shirya wurin a taƙaice. Ka tabbatar an kunna damar kwaikwayo a saitin farko na kwamfutar, wanda ake shiga kafin Windows ta tashi. A injin Intel sunanta VT-x, a na AMD kuma AMD-V. Ka sauke fayil ɗin manhajar daga shafinta na asali. Ka ƙirƙiri sabuwar kwamfutar gwaji, ka ba ta ƙwaƙwalwar aiki da ba ta wuce rabin abin da kake da shi ba, da wurin ajiya kamar gigabayit 20. In kwamfutarka gigabayit 4 kawai gare ta, mai gida da baƙo duk za su yi nauyi, gara ka roƙi wani ɗan uwa mai gigabayit 8 ku yi gwajin tare. Da zarar ka gama sa manhajar, ka ɗauki hoton yanayinta, wato ka adana ta yadda take a wannan lokacin. Duk ɓarnar da ka yi daga baya, dannawa ɗaya za ta mayar da kai inda ka tsaya. Shawara ta ƙarshe a nan: ka buɗe sabon asusu na gwaji, ka zuba kwafin babi biyu ko uku. Kada asalin littafin ya shiga wannan wasa.

GWAJI NA FARKO: CIRE WAYAR INTANET

Wannan shi ne babban alherin kwamfutar gwaji. Tana da maɓallin da ke cire mata wayar intanet ta ƙarya, ba tare da ka kashe datar wayarka ba. Ka buɗe babinka, ka fara rubutu, ana cikin haka ka cire wayar. Me ya faru? Ka ci gaba da rubutu na minti goma. Ka rufe burauzar. Ka kashe kwamfutar gwajin, ka sake kunna ta, har yanzu babu intanet. Shin babin ya buɗe? Abin da ka rubuta a minti goman nan yana nan? Babi na uku da ba ka buɗe ba tun jiya fa?

Google Docs yana iya aiki ba intanet, amma da sharaɗi. Dole sai ka kunna wannan damar tun kana da sabis, kuma takardun da aka sauko da su cikin kwamfutar ne kawai za su buɗe. Wanda bai yi wannan shirin ba, ranar da sabis ya ɗauke zai zauna yana kallon sunan littafinsa ba damar shiga. Haka nan shiga ta farko cikin ChromeOS tana buƙatar intanet da asusun Google.

Wani zai ce ai ɗaukewar sabis ta ɗan lokaci ce. Mu tuna watan Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka biyo da wasu ƙananan hukumomi a Katsina, Sakkwato da Kaduna. Makonni aka kwashe, a wasu wuraren watanni. Mu tuna 14 ga Maris, 2024, ranar da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, Najeriya da Ghana da maƙwabtansu suka shiga rarrafe. Waɗanda suka tsara waɗannan manhajoji sun tsara su ne da tunanin makaranta ko ofis mai intanet da ba ya yankewa. Marubuciyar da ke Gusau ko Maraɗi ba a wannan duniyar take rubutu ba, don haka ita ce za ta yi wa kanta gwajin da ba a yi dominta ba.

GWAJI NA BIYU: HARUFFA MASU ƘUGIYA

Ka rubuta wannan jimlar: ɓarawo ya ɗauke ƙwarya. In ba ka iya fitar da ɓ, ɗ da ƙ cikin sauƙi ba, manhajar ba ta gama zama ta marubucin Hausa ba, komai kyanta. Mun san bambancin baƙi da baki, da na kafa da ƙafa. Littafin da ya zubar da ƙugiyoyinsa ya ɗora wa mai karatu aikin canki-canki.

Windows tana da allon rubutun Hausa a cikinta. Linux ma tana da shi, har nau'i biyu, na Najeriya da na Ghana. A sabuwar manhajar da kake gwadawa, ka shiga saitin harsuna ka nema da kanka. Akwai kuma hanyar lamba da ke aiki a ChromeOS da yawancin Linux: ka danna Ctrl da Shift da U tare, ka rubuta lambar harafin, ka danna Enter. Lambar ɓ ita ce 0253, ta ɗ 0257, ta ƙ 0199, ta ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke amfani da ita 01b4. Manyan kuma: Ɓ 0181, Ɗ 018a, Ƙ 0198. Hanyar tana aiki, amma ku lissafa sau nawa ƙ da ɗ ke fitowa a shafi guda. Dabarar da ta fi sauƙi a Google Docs ita ce jerin musanya ta atomatik, inda za ka koya masa cewa duk lokacin da ka rubuta wata kalma ba ƙugiya, ya mayar da ita daidai. Ka gwada ka ga ko hannunka zai jure shafi biyar a jere.

Akwai wani abin da ya shafi waɗanda suka daɗe a harkar. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, an yi ta buga Hausa da zanen haruffa na musamman, irin Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. Sun yi wa harshen nan babbar hidima. Yadda irin waɗannan suke aiki shi ne, sun aro gurbin wasu alamomi a allon rubutu sun ɗora haruffa masu ƙugiya a kai. In aka buɗe fayil ɗin a inda babu zanen, sai alamomin asali su bayyana a tsakiyar kalmomi. Google Docs ba ya ba ka damar ɗora zanen haruffa naka. Duk mai tsohon rubutu irin wannan, ya buɗe kwafinsa a kwamfutar gwaji ya gani da idonsa. Gyaran ba wuya, nemo-ka-musanya ne, amma gara ka san da aikin kafin ka goge kwamfutar da zanen yake ciki.

GWAJI NA UKU: DATA

Mu yi lissafi. Littafi mai kalma 100,000, in rubutu ne zalla, bai kai megabayit ɗaya ba. Hoto guda na wayar zamani ya fi shi nauyi. Ke nan littafin kansa ba ya cin data. Abin da ke ci shi ne sauke manhajar tun farko, wanda ya haura gigabayit ɗaya, da sabuntawar da ChromeOS ke yi kusan duk bayan mako huɗu, da nauyin shafukan da kake buɗewa, da hotuna da sauran fayilolin da ke hawa gajimare ba ka sani ba.

Tun bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a Janairun 2025, wannan lissafin ya zama na dole. Ka haɗa kwamfutar da datar wayarka, ka dakatar da sabuntawar Windows domin kada ta ɓata maka awon, ka duba abin da ya rage kafin ka fara da bayan awa biyu na rubutu. Ka yi haka kwana uku. Lambar da ka samu ita ce kuɗin hayar da za ka riƙa biya domin shiga ɗakin rubutunka.

GWAJI NA HUƊU: HANYAR MAƊABA'A

Littafi ba ya ƙarewa a hannun marubuci. Zai je wurin mai tacewa, mai tsara shafi, mai zanen bango. Mafi yawansu da Microsoft Word, CorelDRAW ko InDesign suke aiki, kuma ba ɗaya daga cikin waɗannan da ake sa wa ChromeOS Flex. Word na burauza yana nan, amma bai kai na cikin kwamfuta ba. Kada kuma wani ya yi zaton zai sa manhajojin wayarsa: Flex ba ta ɗaukar manhajojin Android, saɓanin Chromebook na asali.

Saboda haka ka sauke babinka daga Google Docs a matsayin fayil ɗin Word, ka buɗe shi a Windows. Ƙugiyoyin sun tsira? Sakin layi da lambar shafi suna inda ka bar su? Ka kuma gwada zuba dogon rubutu. Takardar Google Docs guda tana da iyaka, haruffa miliyan ɗaya da 'yan kai, kuma tun kafin a kai can takan fara nauyi a ƙaramar kwamfuta. Masu rubuta littattafai masu dogon zango, irin waɗanda ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, su raba aikin babi-babi.

GWAJI NA BIYAR: MAKULLI

A manhajar gajimare, asusunka shi ne makullin komai. Ka tambayi kanka: in aka sace wayar da lambar tabbatarwa ke shigowa, ko aka rufe layin, yaya zan shiga? A 2024 mun ga yadda aka toshe layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba. Google yana ba da lambobin gaggawa guda goma da za ka iya bugawa a takarda ka adana. Ka nemo su tun a asusun gwaji, ka koyi inda suke.

Sannan tun daga Disambar 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar cewa zai iya goge asusun da aka shekara biyu ba a shiga ba. Rashin lafiya na zuwa, mutuwa na zuwa. Magabatanmu sun bar rubuce-rubuce a gafaka da akwati, jikoki suka tarar. Wanda ya bar littattafai biyar a asusun da shi kaɗai ya san makullinsa, me iyalinsa za su tarar? Akwai saitin da ke ba ka damar ambata wanda za a miƙa wa bayananka in an daɗe ba a ji ɗuriyarka ba. Kaɗan ne cikinmu suka taɓa leƙa shi.

ABIN DA KWAMFUTAR GWAJI BA ZA TA FAƊA MAKA BA

Kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Baƙuwar manhajar ba ta ganin ainihin kayan cikin laftof ɗinka, kayan kwaikwayo take gani. Don haka ba za ka san ko Wi-Fi ɗinka zai yi aiki ba, ko sauti, ko kyamara, ko firinta, ko awa nawa batir zai yi in NEPA ta ɗauke. Sauri ma ba a auna shi a nan, domin kwamfutar tana ɗauke da manhajoji biyu a lokaci guda. Wanda ya ga nauyi a kwamfutar gwaji ya yanke hukuncin cewa manhajar ba ta da sauri, ya zalunce ta.

Mataki na biyu ke nan: filashi. Ka samu mai gigabayit 8 ko fiye, wanda ba ka buƙatar abin da ke ciki, domin za a share shi. Ka ɗora Flex a kai, ka tashi kwamfutar daga filashin, ka zaɓi gwadawa, kada ka zaɓi sawa. Ka karanta abin da ke kan allo sau biyu kafin ka danna. Google yana da jerin kwamfutocin da ya tabbatar suna aiki da Flex, ka duba ko taka na ciki. Kwamfutar gwaji tana amsa tambayar ko wannan rayuwar ta dace da kai. Filashi yana amsa ko ta dace da na'urarka. Sai an ci jarrabawar biyu ake maganar goge Windows.

HUJJAR MASU GOYON BAYAN GAJIMARE

Adalci ne a saurare su, domin hujjarsu tana da ƙarfi. Sau nawa muka ga sanarwa a zaurukan marubuta cewa an dakatar da littafi saboda an ƙwace waya, ko ta faɗa ruwa, ko faifan kwamfuta ya mutu? Sau nawa filashi ya dawo daga shagon buga takardu ɗauke da ƙwayar cutar da ta ɓoye fayiloli? Wanda ke rubutu a Google Docs, ko an sace na'urar, littafinsa na nan. Yana da tarihin gyare-gyare, zai iya komawa ga yadda babin yake makon jiya. Mai tacewa na Kaduna, marubuciya na Damagaram, suna aiki a takarda guda. Asusun kyauta yana zuwa da gigabayit 15, wanda ya ishi rubutun rayuwar mutum. Ƙwayoyin cutar da aka yi domin Windows kuma ba sa aiki a ChromeOS. Duk wannan gaskiya ne, kuma marubucin da ba ya ajiye kwafi a gajimare yana wasa da wahalarsa.

Amma ku lura, duk waɗannan hujjoji na ajiye kwafi ne a gajimare. Ba ɗaya cikinsu da ke tilasta maka mayar da gajimare gidanka ɗaya tilo. Kana iya samun kusan dukkan wannan amfanin kana kan Windows ko Linux, da burauza kawai.

Kuma ajiya a hannun kamfani tana da nata tarihin. GeoCities ya rufe a 2009 da shafukan mutane masu ɗimbin yawa. Myspace ya amsa a 2019 cewa waƙoƙin da aka ɗora masa na shekaru da dama sun salwanta wurin sauya ma'ajiya. Google da kansa ya rufe Google Reader a 2013, da Google+ a 2019. Na kusa da mu shi ne OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu, wanda ya rufe a ƙarshen Nuwambar 2023. Kamfani na bin lissafin kasuwancinsa ne, kuma wannan haƙƙinsa ne. Namu shi ne mu san cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Sai batun sirri. Littafin da ba a fitar ba dukiya ce, musamman ga masu sayar da rubutunsu ta waya, waɗanda kullum ke kuka da masu fitar da littafin kuɗi. A gajimare, kuskure ɗaya wurin rabawa, ka buɗe wa duk mai adireshin takardar ƙofa, ya isa littafin ya zagaya gari kafin ka kammala shi. Wannan ma abin koyo ne a asusun gwaji.

INDA NA TSAYA

In kana da tsohuwar laftof ta biyu da ke kwance tana shan ƙura, kuma unguwarku na da sabis mai kyau, ka sa mata ChromeOS Flex bayan ta ci gwajin filashi. Za ta zama allon rubutu mai sauƙi, marar hayaniya.

In kuwa kwamfuta ɗaya gare ka, kuma kana zaune inda sabis ke zuwa yana tafiya, na fi karkata ga Linux marar nauyi, irin Peppermint ko Linux Mint, ka sa mata LibreOffice domin rubutu ba intanet, ka riƙa tura kwafi gajimare duk lokacin da ka samu sabis. Asali a hannunka, kwafi a sama. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ko wacce ka zaɓa, littafinka ya kasance a wuri uku: cikin kwamfuta, cikin filashin da ba ya zuwa shagon buga takardu, da gajimare. Duk ƙarshen mako ka sabunta su. Tunda mun ga littafin bai kai nauyin hoto guda ba, babu uzurin data a nan.

Muna ɗaukar watanni muna gyara jimla guda domin kada mai karatu ya yi tuntuɓe. Kayan aikin da zai riƙe waɗannan jimlolin ya cancanci a ba shi yammaci ɗaya na gwaji.

Aikin wannan mako: duk mai kwamfuta ya yi gwaji na farko, ko da a burauzar da yake amfani da ita yanzu ne. Ya buɗe kwafin babi guda a Google Docs, ya kashe data, ya rufe, ya sake buɗewa. Masu rubutu a waya su sa ta a yanayin jirgi su yi haka nan. Ku dawo ƙarƙashin wannan rubutu ku faɗa mana abin da kuka gani, da irin na'urar da kuka yi amfani da ita, da garin da kuke. Waɗanda suka taɓa tashin FydeOS ko Peppermint a kwamfutar gwaji kuma, ku taimaka wa 'yan uwa da saitin da ya yi muku aiki.

Sai mun haɗu a rubutun mako mai zuwa.